Yarona mai otizim na cinye kayan wasansa, me zan saya masa?

Assalamu alaikum. Daga Gusau nake. Ɗana shekararsa 6, likita ya tabbatar yana da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Damuwata tauna ce: wuyan riga, silifas, har wayar caja. Da hayaniya ta yi yawa ko aka tada janareta a maƙwabta, sai taunar ta ƙaru, rigarsa ta jiƙe sharkaf da yawu.

Na fara saya masa mota mai fitila da kiɗa, ya toshe kunnuwa yana ihu har sai da aka ɓoye ta. Na koma kan robar nan mai ƙuraje da yara ke dannawa. Ya so ta ƙwarai, amma ya gutsure ƙurajen, da kyar na zaro wani yanki daga bakinsa. Robar cizo ta jarirai ma bai bar ta ba, don ba a yi ta domin haƙoran babban yaro ba. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne zuba gero a kwano yana wasa da hannu, amma shi ma bakin yake kai wa, ina tsoron ya shaƙe.

Na ji akwai sarƙar tauna ta silikon (wata irin roba mai laushi) da ake yi wa irinsu, mai igiyar da ke ɓallewa in an ja ta. Masu shagunan da na tambaya ba su san ta ba.

Don Allah iyaye, a ina zan sami mai ƙarfi wadda ba ta gutsurewa, a Gusau, Sakkwato ko Kano?