Na zo wa 'yata jego a New York, shirun gidan ya ishe ni

Kakar Jaririya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan da na sauka a New York, na zo wa 'yata jego, haihuwar fari. A Bronx suke, wani yanki na birnin, hawa na shida. Garin kam sai wanda ya gani. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya kwana, ruwan zafi kuwa famfo kawai za ki murɗa, ba hura wuta ba ɗora tukunya. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Ranar suna na zuba shinkafa da naman rago a kwano na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Matar ta leƙo, sarƙar ƙofa a maƙale, ta yi ta murmushi tana magana, amma ba ta miƙo hannu ba. Ƙofa ta biyu ko buɗewa ba a yi ba. Na dawo da kwanona jiki a sanyaye. Ko mutum ɗaya daga benen nan bai shigo barka ba. A lif za a tambaye ki lafiya, kafin ki kai ga ina gajiya mutum ya kai titi. Ga Disamba, ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba. Jiya na ga bawan Allah kwance a tashar jirgi cikin sanyin nan, wata ta wuce shi da karenta sanye da riga.

Laifi na yi da na kai abincin? Kuma yaya zan yi da sauran wata ukun da suka rage min?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Ba ki yi laifi ba wallahi. Ni ma shekarar da na zo sai da aka mayar min da dambun nama. Nan ba a ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa sai ya san da zuwanki, kuma suna tsoron girkin da ba su san abin da ke ciki ba, don akwai waɗanda gyaɗa kaɗai kan kai su asibiti. Sannan ki bincika, ƙila matar ma ba ta jin Turanci sosai. Fiye da rabin mutanen Bronx asalinsu ƙasashen masu Sifaniyanci ne, Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico da sauransu, kuma idan kun saba sun fi kowa son jariri. Ki riƙa sauka ɗakin wanki na ƙasan bene a rana ɗaya kowane mako. A can na yi ƙawayena na farko, kan injin busar da kaya.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, mutanenki suna nan, ke ce ba ki fito ba. Ki sa surukinki ya ɗora ki a jirgi mai lamba 2, ki sauka titi na 116 a Harlem. Kina fitowa ga Masallacin Malcolm Shabazz a kusurwa, gaba kaɗan ga kasuwar 'yan Afirka. Mutanenmu na Nijar, Hausa da Zabarma, sun daɗe a nan. Da a bakin titi na 125 suke baza kaya, huluna da atamfa da jakunkuna, sai a 1994 zamanin magajin gari Giuliani aka tashe su aka mayar da su 116. Unguwar ta fi yawan 'yan Senegal, amma ranar Juma'a ki kasa kunne za ki ji Hausa. A Bronx ɗin ma akwai 'yan zango na Gana da masallatansu, ga shagunan da za ki samu kuka da daddawa da gero. Ki je sashen mata, ki faɗa cewa jego kika zo. Kafin Lahadi za ki rasa wurin ajiye baƙi.

Baban Twins na Gusau:
Ni dai na ce ki haɗa kayanki ki dawo, Umma. Ƙasar da kare ya fi mutum gata?

Malama Nas:
Haba Baban 'yan biyu, mu da yara ke kwana ƙarƙashin gada a garuruwanmu, a bar wannan zance. Tun 1981 birnin New York ya ɗauki alkawari a gaban kotu zai ba marar gida makwanci, amma tsadar haya da taɓin hankali da ƙwaya sun fi ƙarfin alkawarin, wasu kuma tsoron gidajen kwanan suke.

Mama, kan rashin zuwa barka: yawancin maƙwabtanki da awa ake biyansu, wasu aiki biyu suke yi. Wanda ya zauna gaisuwa daga albashinsa ya cire. Abu uku kuma, tunda za ki fara fita. Kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba, ana ɗora haraji kusan kashi 9 cikin ɗari a kan kaya da yawa, kada ki ce an cuce ki. In kun ci abinci a zaune a gidan abinci, ana bar wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, ba sadaka ba ce, da shi yake cika albashi. Kuma don Allah kada ki ɗauki ɗan wani ko ki ba shi alewa ba izinin uwarsa, ko da kin ga yana kuka.

Kakar Jaririya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganar ɗan mutane kin makara Malama, na riga na ɗaga wani a lif, uwar ta zaro ido. Juma'a in sha Allah ina 116. Na tambayi 'yata, ashe maƙwabciyar da na kai wa abinci kuwa 'yar Dominika ce, tsohuwa kamata, jika take raino. Yaya ake cewa ina kwana da yarensu?

Maman Hanan:
Buenos días, Hajiya. Ki fito da jaririyar a kafaɗa, ki bar kwanon a ɗaki tukuna.