Wa ya taɓa amfani da AOP wajen gwajin haɗa sassan manhaja?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da manhajar biyan kuɗi da muka rubuta da yaren Java a kan Spring (tsarin gina manhajojin Java). Kowane sashe yana cin gwajinsa shi kaɗai, amma da an haɗa su da sabar banki sai rikici ya taso, musamman idan sadarwa ta yanke bayan an riga an cire kuɗin mutum. Ina so in ƙirƙiro wannan yankewar a gwaji ba tare da na taɓa ainihin lambar aikin (code) ba. Wanda ya gwada AOP (Aspect-Oriented Programming, dabarar cusa wa manhaja ƙarin aiki daga gefe ba tare da an canza lambarta ba) ya ba mu labari.

Ɗan Java daga Kano: Wa'alaikumussalam. Haka muke yi a wurinmu. Mun rubuta aspect (guntun lambar da AOP ke cusawa) da umarnin @Around ya kewaye method ɗin, wato guntun aikin, da ke kiran banki. Yana barin kiran ya isa can, amma maimakon ya dawo da amsar sai ya jefa SocketTimeoutException, wato kuskuren da ke nuna lokacin jiran amsa ya ƙare. Nan take muka ga manhajar tana sake tura biyan, wato a cire wa bawan Allah kuɗinsa sau biyu. Da mock (bankin bogi na gwaji) ba mu taɓa ganin haka ba, domin kiran ba ya isa ko'ina. Ka ɗaure aspect ɗin da @Profile("test") kada ya bi ku fagen aiki.

Wata 'yar'uwa: Malam, ka yi hattara da abu guda. Spring AOP da proxy yake aiki, wato wakilin da ke tare kiran da ya zo daga waje kafin ya kai ga method. Idan method ya kira ɗan'uwansa a cikin class ɗaya (rukunin methods guda), kiran ba ya bi ta proxy, aspect ɗin ba zai ko motsa ba. Mu gwajinmu ya yi ta cin nasara alhali babu yankewar da aka jefa. Sai da muka koma AspectJ, wani kayan AOP da ba ya dogara da proxy, muka ɗora sashensa aspectjweaver ta umarnin -javaagent, sannan ya kama irin waɗannan kiraye-kirayen.

Tsohon hannu: Gaskiya ta faɗa. Ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne pointcut, wato ƙa'idar da ke zaɓar method ɗin da aspect zai kama. Abokin aiki ya canza wa method suna, pointcut ya daina dacewa, kuma ba wani gwajin da ya faɗi. Yanzu kowane aspect namu yana ƙirga sau nawa ya shiga, gwajin kuma ya duba adadin. In sifili ne ya faɗi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Kiran bankinmu daga wani class yake fitowa, don haka zan fara da Spring AOP tare da ƙirgen nan. 'Yar'uwa, ɗora AspectJ ya rage muku saurin gwaji sosai?