Yaro mai igama (takardar izinin zama a Saudiyya) zai gama sanawiyya (sakandare) a Jidda, ta ina ake shiga jami'ar gwamnati?

Maman Yara, Gulail:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Shawara nake nema a kan babban ɗana. Yana aji uku na sanawiyya a makarantar gwamnati nan Jidda, makinsa yana wajen 95. Fasfonsa na Najeriya ne, igamarsa kuma tana ƙarƙashin babansa. A gwaje-gwajen shiga jami'a guda biyu, ya zauna Ƙudurat sau ɗaya ya samu 78, Tahsili bai yi ba tukuna. Ransa yana kan Jami'ar Sarki Abdul'aziz, yana cewa likitanci ko kwamfuta. Wasu sun ce mini ɗan baƙo ba ya shiga jami'ar gwamnati sam, wasu kuma sun ce ana ɗauka kyauta har da kuɗin wata. Wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata mu fara yi tun yanzu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Sanawiyya, Makka:

Wa alaikumus salam Hajiya. Duka maganganun biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, amma an cakuɗa abu biyu.

Wanda ba ɗan ƙasa ba yana shiga jami'ar gwamnati ne ta ƙofar minha, wato tallafin karatu, kuma minhar kashi biyu ce. Akwai minha kharijiyya, ta ɗaliban da ake kawowa daga ƙasashensu, irin 'yan Najeriya da Nijar da kike gani a Jami'ar Musulunci ta Madina. Su ne ake ba masauki da tikitin jirgi da mukafa'a, wato kuɗin wata. Sai minha dakhiliyya, ta mazauna ƙasa masu igama, ita ce ta ɗanki. Wannan galibi kujerar karatu ce kyauta kawai. Kada ki sa kuɗin wata ko ɗakin kwana a lissafinki sai kin gan shi a rubuce a sanarwar jami'ar. Wanda mahaifiyarsa 'yar Saudiyya ce shi hukuncinsa daban, ana yi masa mu'amalar ɗan ƙasa.

Maganar likitanci gara ku cire ta daga kan minha tun yanzu, don kada yaro ya ɗora rai. Fannonin lafiya ba a saba buɗe su ga 'yan minha ba, wasu jami'o'in ma har injiniyanci sukan rufe. Kwamfuta da kimiyya da fannonin Larabci da shari'a sun fi samuwa, amma kowace shekara sai an duba abin da aka buɗe.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Makin sanawiyya shi kaɗai ba ya shigar da kowa. Ana haɗa abu uku a fitar da abin da suke kira nisba mauzuna. Tsarin da aka fi sani a ɓangaren kimiyya shi ne kashi 30 daga sanawiyya, 30 daga Ƙudurat, 40 daga Tahsili. Kowace jami'a tana da ikon sauya nata ma'aunin, amma mu gwada da wannan. A ce ɗanki ya samu 72 a Tahsili:

95 × 0.30 = 28.5
78 × 0.30 = 23.4
72 × 0.40 = 28.8
Jimla 80.7

Ki lura da kyau. In ya kashe kansa ya ɗaga sanawiyya daga 95 zuwa 98, abin da ya ƙaru a jimla 0.9 ne kacal. In kuwa Tahsili ya ɗaga daga 72 zuwa 82, ya samu ƙarin 4 cif. Ƙudurat daga 78 zuwa 88 zai ba shi 3. Iyaye da yawa suna zuba kuɗin darasin gida a kan jarrabawar makaranta su bar gwajin Ƙiyas, cibiyar da ke shirya Ƙudurat da Tahsili, alhali kashi 70 na can. Kuma kujerun 'yan minha kaɗan ne, ana jera masu nema ne daga sama zuwa ƙasa, don haka makin da zai shigar da ɗan ƙasa wani fanni ba lallai ya shigar da ɗanki ba. Da 80 da ɗoriya neman kwamfuta a Jidda sai addu'a. Ya nufi 90.

Ƙudurat kashi biyu ne. Lafzi gwajin harshe ne: dangantakar kalmomi, cike gurbin jimla, gano kalmar da ta ɓata ma'ana, da fahimtar nassi. Kammi kuwa lissafi ne ba tare da kalkuleta ba. Yaranmu da suka tashi da Hausa a gida da Larabcin titi a waje sun fi zubar da maki a lafzi, saboda fusha, wato daidaitaccen Larabci, ake tambaya, ba yaren Hijaz ba. Maganinsa karanta nassi kullum da agogo a gefe, da bitar tambayoyin baya. Ana iya maimaita gwajin, mafi girman maki ake ɗauka, amma damar tana da iyaka, kada ya riƙa shiga don gwada sa'a. Ba a rage maki a kan amsar kuskure, saboda haka kada ya bar tambaya ko ɗaya ba amsa. Tahsili kuma lissafi ne da fizik da kimistiri da ahya'u (ilimin halittu), mafi yawan tambayoyin daga karatun aji uku, sauran daga aji ɗaya da biyu. Lokutansa ƙayyadaddu ne a shekara, in rajista ta wuce shi ta wuce.

Ɗan Sulaimaniyya:

Malam ya gama da maki. Ni Hajiya takardu zan ja miki kunne a kai, don mai 92 ma yakan faɗi a nan.

Na farko igama. Dole ta kasance da rai ranar nema da ranar karɓa, haka fasfo. In saura wata biyu ko uku ta mutu, babansa ya sabunta tun kafin a buɗe. Sabunta fasfo a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na Jidda ba abin da za a bari sai ranar ƙarshe ba ne, musamman da ake haɗa shi da lambar NIN.

Na biyu suna. Ku ajiye fasfo da igama da takardar haihuwa da sakamakon da ke Nur, manhajar makarantu ta ma'aikatar ilimi, a jere ku karanta harafi bayan harafi. Sunayenmu suna shan wahala a hanyar komawa Larabci: a wuri ɗaya Abubakar kalma ɗaya, a wani wuri biyu, ko sunan kaka ya zo a matsayin na uba, ko ranar haihuwa ta Hijira ba ta yi daidai da ta Miladiyya ba. In akwai saɓani, makarantarsa ce za ta fara gyarawa ta hannun ofishin ilimi kafin shahada, wato takardar kammalawa, ta fito. Bayan ta fito aikin ya ninka.

Na uku inda ake nema. Ma'aikatar ilimi tana da dandalin Udrus fis Sa'udiyya na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, nan ake cike yawancin neman minha yanzu. Duk da haka ku riƙa bin sanarwar Imadatul Ƙabul wat Tasjil, ofishin ɗaukar ɗalibai da rajista na jami'ar kanta, domin ita ke faɗin rana da sharuɗɗa da fannonin da ta buɗe, kuma lokacin 'yan minha ba lallai ya zo ɗaya da na 'yan ƙasa ba. Sharuɗɗan da aka saba: shekaru 17 zuwa 25 ga mai neman digirin farko, shahadar sanawiyya kada ta wuce shekara 5, ba a taɓa korarsa daga wata jami'ar ƙasar ba, ga gwajin lafiya. Lambar wayar da za a sa ta zama wadda ke hannunku kullum. Ana turo saƙon tayin kujera da wa'adi gajere, wanda bai tabbatar ba a ba na bayansa. Kuma neman ba ya bukatar ɗan tsakiya. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, ku riƙe kuɗinku.

Kada ku tsaya a jami'a ɗaya. Ban da Sarki Abdul'aziz da ke Sulaimaniyya, wadda ke da reshe a Rabig, akwai Jami'ar Jidda da aka kafa a 2014, harabar mazanta tana can Usfan, ga Ummul Ƙura a Abidiyya ta Makka. Sai dai a yi lissafin hanya. Daga Gulail zuwa Sulaimaniyya kusa ne, Usfan kuwa tafiya ce ta yau da gobe, ga laccar ƙarfe takwas na safe.

Abu na ƙarshe da ake mantawa: shiga jami'a bai ɗauke kuɗin murafiƙ ba, wato harajin da ake biya wa iyalin mai igama, matuƙar yana ƙarƙashin babansa. Riyal 400 ne a wata tun 2020, wato 4,800 a shekara. Kuma namiji in ya haura 18 ana neman shaidar cewa ɗalibi ne wajen sabunta masa igama, sai ya riƙa ciro takardar ta'arif, wato shaidar ɗalibta, daga jami'a. In ya kai 25 zancen zama ƙarƙashin uba ya ƙare.

Maman Yara, Gulail:

Na gode Malam, na gode ɗana. Na duba yanzu, lallai a Nur sunan kakansa ne a ƙarshe, a fasfo kuma babu shi. Gobe babansa zai je makarantar. To in Allah ya sa an ɗauke shi, shi ke nan ya samu kwamfutar?

Antin Ɗalibai, Rusaifa:

A'a Yaya, ba a nan take ba. A jami'o'i da dama shekarar farko ta share fage ce, sana tahdiriyya, daga ita ake raba ɗalibai zuwa kwalejoji bisa mu'addal, wato matsakaicin maki, da yawan kujeru. Ku karanta takardar karɓarsa ku ga ko kwaleji aka ba shi kai tsaye ko masar ne, wato layin karatu na gama-gari. In masar ne, wata sabuwar gasa ce.

Mu'addal a Sarki Abdul'aziz a kan 5 yake, a Ummul Ƙura a kan 4. A tsarin 5, daga 95 zuwa 100 maki 5 ne, 90 zuwa 94 maki 4.75, 85 kuma 4.5, 80 maki 4, 75 maki 3.5, 70 maki 3, 65 maki 2.5, 60 maki 2. Ƙasa da 60 faɗuwa ce, maki 1. Ana ninka makin kowane darasi da sa'o'insa, a tara, a raba da jimlar sa'o'in zangon. Abin da sababbi ba sa ganewa shi ne darasi mai sa'o'i da yawa yana jan sauran ƙasa. Ga misali: zango mai sa'o'i 15, darussa uku masu sa'o'i uku-uku duk ya ci 4.75, wato 42.75. Sai darasi ɗaya mai sa'o'i 6 ya tsallake da kyar da maki 2, wato 12. Jimla 54.75, a raba 15, ya fito da 3.65. Yaro ya ci uku da kyau amma ɗaya ya kayar da shi daga layin kwamfuta. Kuma a shekarar farko darasin mai nauyi sau da yawa Ingilishi ne. Wanda ya fito daga makarantar gwamnati ya yi fizik da lissafi da Larabci, yana zuwa ya tarar littattafan kimiyya da kwamfuta da Ingilishi suke. Hutun da ke tsakanin sanawiyya da jami'a a kan Ingilishi ya kamata ya ƙare, in da hali ya zauna gwajin Ingilishi na STEP na Ƙiyas ya san matsayinsa.

Sai hirman. In fashinsa a darasi ya haura kashi 25 na laccoci, za a hana shi jarrabawar ƙarshe a rubuta masa faɗuwa, ko da shi ne na ɗaya a aji. Darasin da ake yi sau biyu a mako ba ya bukatar fashi mai yawa kafin a kai wannan iyaka, wasu malaman kuma makara ma fashi suke rubuta ta. Uzurin asibiti a kai shi cikin kwanakin da aka ƙayyade.

In mu'addal na jimla ya sauka ƙasa da 2 cikin 5 ana ba da inzar, wato gargaɗi, uku a jere kora ce. Ɗan minha ma ya fi kowa shiga haɗari, don kujerarsa da sharaɗi take. Darasin da ya ga ya fi ƙarfinsa gara ya nemi i'itizar kafin wa'adi ya rufe, a rubuta masa janyewa, wannan ba ya taɓa mu'addal. Amma kada ya mayar da shi ɗabi'a, shekarun gamawa suna da iyaka. Makon farko na kowane zango kuma na hazfu da idafa ne, wato cirewa da ƙara darussa, ya zauna a kan ODUS, shafin rajista na Sarki Abdul'aziz, ya gyara jadawalinsa da wuri kafin shu'ubobi, wato rukunan aji, masu lokaci mai kyau su cika.

Malamin Sanawiyya, Makka:

Ƙari kaɗan Hajiya, saboda kada a rataya komai a ƙusa ɗaya. In likitancin ne ya ƙi fita daga ransa, hanyarsa a nan ita ce kwalejojin kuɗi irin Batterjee da Ibn Sina da Faƙih, kuma kuɗinsu na shekara dubban riyal ne masu yawa, a tambayi na dukan shekarun kafin a sa ƙafa. Mai sauƙin kuɗi a fannin kwamfuta da kasuwanci akwai Jami'ar Larabawa ta Buɗe, tana da reshe a Jidda.

In kuma gida za a mayar da shi, JAMB tana da cibiya a Jidda, amma shahadar sanawiyya sai an fassara ta, an buga mata hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a nan, sannan ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tantance ta. Jami'o'in gida kuma suna neman kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, don haka ku tambayi jami'ar da kuke so tun da wuri ko za ta karɓi sanawiyyar ko sai ya haɗa da WAEC ko NECO.

Na wannan makon dai: gyaran suna a makaranta, sannan ya shiga shafin Ƙiyas ya kama gurbin Ƙudurat na kwamfuta a cibiyar Jidda, ya duba ranar da za a buɗe rajistar Tahsili. Guraben kusa da lokacin neman jami'a su ne ke fara cika.