Maigidana ɗan Maraɗi ne, an hana ɗana takardar ɗan asali: ina matsayinmu a doka?

Uwar Biyar:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya sha ƙarfina.

Ni 'yar jihar Katsina ce, uwa da uba da kakanni. Maigidana kuwa a wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife shi. Ya shigo Kano a 1997 yana saurayi, ya fara da dako a kasuwar Dawanau, yau yana da rumfarsa ta hatsi da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Mun yi aure a 2004, Allah ya ba mu 'ya'ya biyar, duka a Kano na haife su, kowanne da takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya.

Babban ya ci JAMB, ya samu gurbi a jami'a, aka ce ya kawo takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Na ba shi kuɗin mota ya tafi garinmu. A sakatariya ma'aikacin ya tambaye shi garin babansa, yaro ya faɗi gaskiya. Mutumin ko buɗe fayil ɗin bai yi ba, ya sa bakin biro ya turo masa shi, ya ce ya je Nijar su ba shi. Ya dawo bayan isha'i, na ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Can ina kwashe kwanuka ya ce, "Umma, to ni ɗan ina ne?" Yaron da sau biyu kacal ya taɓa taka Maraɗi, ɗaya ma yana goye. Wallahi ban iya ba shi amsa ba, kuma abin da ya hana ni barci ke nan.

Don Allah masu sani: 'ya'yana 'yan Najeriya ne a doka ko ba 'yan Najeriya ba? Shi kuma babansu, bayan duk waɗannan shekarun, akwai hanyar da zai zama ɗan ƙasa ta dalilina? Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS hankalinsa bai kwanta ba, ko shingen jami'an shige da fice ya hango a hanya sai in ga ya yi tsit.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Hajiya, kin wahalar da kanki. Ki samu mai unguwarku ya sa hannu cewa baban yaron ɗan garin ne, a sake kai takarda wata rana. Mutum nawa suka yi haka suka wuce? Yaron ne ya yi saurin magana.

Barista daga Zariya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, shawarar da ke sama kada ki ɗauka. Ƙarya a takardar hukuma laifi ce, kuma ba ta tsayawa a takarda ɗaya: daga ita za a yi fasfo, a yi bautar ƙasa, a nemi aiki. Ranar da wani ya so tona ta, yaron ne zai kwana a ciki. Abin takaicin ma, ba ya bukatar ƙaryar ko kaɗan, gaskiyarsa ta ishe shi.

Ki gaya masa yau ɗin nan cewa shi ɗan Najeriya ne ta haihuwa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Ɗaya daga cikin iyaye aka ce, ba a ce uba ba. Da a Maraɗin ma kika haife shi, sashen ya haɗa da shi, tunda ke 'yar ƙasa ce. Wannan shi ne mataki mafi ƙarfi na zama ɗan ƙasa, irin wanda ake nema ga mai takarar shugaban ƙasa, kuma ba shugaban da ke da ikon ƙwace shi. Ko Nijar ta ba shi tata takardar, sashe na 28 bai hana wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa riƙe biyu ba.

Inda ƙafa ke sarƙewa shi ne takardar ɗan asali, domin ita daban take da zama ɗan ƙasa. Ƙananan hukumomi ke bayar da ita, kuma bisa al'ada gidan uba suke bi, shi ya sa ma'aikacin ya yanke hukunci kai tsaye. Amma al'ada ba ta fi kundi ba. Sashe na 318, inda ya fassara abin da ake nufi da mutum ɗan wata jiha ne, cewa ya yi wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ke nan ta wajenki yaron ɗan jihar Katsina ne. Sashe na 42 kuma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa.

Kada ki sake tura shi shi kaɗai. Ki je da kanki, da mahaifinki in yana raye, ko yayanki. Ku riƙe takardarki ta ɗan asali, da takardar haihuwar yaron mai ɗauke da sunanki, da wasiƙar mai unguwa da dagaci da ke shaida cewa ke 'yar gidan wane ce kuma wannan ɗanki ne. Ku rubuta buƙatar a takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ku ambaci sassan nan, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafi. In za su ƙi, ku ce su ƙi a rubuce. A abin da na gani, wanda ya iya korar yaro da baki ba ya cika son sa hannu a kan korar.

Maganar maigida ce mai nauyi, kuma ba zan ɓoye miki ba, dokar ba ta yi muku adalci ba. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Bai ba mijin 'yar Najeriya wannan damar ba. Da yayanki ne ya auro 'yar Maraɗi, da ƙofarta a buɗe take. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Tarayya, 'yan majalisa suka kayar da shi tare da sauran ƙudurorin mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Ni a ganina wannan sashen abin kunya ne, kuma matan kan iyaka irinku ya fi cuta, daga Illela har Maigatari.

Abin da ya rage masa shi ne sashe na 27. Sharuɗɗan su ne ya zama baligi mai hankali, mai halin kirki, ya nuna a nan yake nufin zama, ya kasance yana amfanar ƙasa ko zai iya, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, ya yi rantsuwar biyayya, sannan ya yi shekara 15 a ƙasar. Ana nema ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jami'an tsaro na farin kaya su yi bincike, daga ƙarshe shugaban ƙasa ya amince. Shekarun ya ninka su kusan biyu, amma za a ce ya nuna su a takarda. Anan mutanenmu ke faɗuwa: mutum ya shekara talatin a gari, kowa ya san shi, amma ba katin zama, ba shaidar biyan haraji. Don haka ya fara tattara duk abin da ke da sunansa da kwanan wata, rasit ɗin rumfa, katin ƙungiyar 'yan kasuwa, takardar gida ko ta haya, takardar aurenku, takardun banki. Tunda shi ɗan Nijar ne ta haihuwa, kundinmu bai tilasta masa ya saki tasa ƙasar ba. Akwai kuma wani matsayi na musamman da ma'aikatar ke ba mazajen 'yan Najeriya, wanda ba zama ɗan ƙasa ba ne amma yana halatta musu zama. Ku tambaya a kansa.

Tambaya ɗaya gare ki, kuma ki bincika da kyau: a cikin iyayensa ko kakanninsa huɗu babu wanda ya fito daga wannan ɓangaren? In mahaifiyarsa ko mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa bai sani ba. In kakarsa ce ko kakansa, sashe na 26 ɗin nan ya ba wanda aka haifa a waje damar rajista, ba sai ya bi doguwar hanya ba.

Tsohon Malamin Firamare, Maiduguri:

'Yata, Allah ya sanyaya miki. Abin da aka yi wa ɗanki an yi wa wanda ya fi shi ƙarfi, a gaban idonmu.

A watan Janairun 1980 ina koyarwa a nan Maiduguri aka wayi gari an ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. Gwamnatin tarayya ta lokacin ta ce ba ɗan Najeriya ba ne, mahaifinsa daga Chadi yake. Aka sa shi a mota aka tsallaka da shi iyaka aka ajiye. Mutumin da jama'a suka zaɓa da ƙuri'arsu! Ranar a ɗakin malamai ba wanda ya iya zancen komai sai wannan, don rabinmu in aka bi salsala akwai mai kaka a Chadi ko Nijar ko Kamaru. Wani abokin aikina da na sani da surutu, ranar bai ce uffan ba, yana ta juya alli a hannu har aka tashi. Daga baya na gane mahaifinsa daga Diffa ya zo.

Aka je babbar kotu a Maiduguri. Kotu ta duba ta ga mahaifiyarsa 'yar ƙasar nan ce, ta ce korar haramtacciya ce, ta sa a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Ya dawo gidansa, a nan ya ƙare rayuwarsa. Ki ba yaron wannan labarin, ki ce masa ta wajen uwa aka tabbatar da Shugaba.

Shi kuma mai shawarar a yi ƙarya, ɗana, ka ji tsoron Allah. Raba yaro da sunan garin ubansa ba ƙaramin abu ba ne.

Bamaraɗe a Sabon Gari:

Gaskiya Baba. Hajiya, ni ma ɗan can ne, shekarata 19 a Kano, bari in faɗi abin da ya shafi ɓangarenmu.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wato ECOWAS, ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025. A ranar ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanen ƙasashen uku masu tambarinta, a bar su su yi zirga-zirga da zama kamar da, har sai an sake sanarwa. To kin ji, "har sai an sake sanarwa". Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwa kada mu miƙe ƙafa. Dama can yarjejeniyar 1979 kwana 90 ta ba mutum ya shiga ba biza. Wanda zai zauna ya daɗe ana so ya yi katin zama a Hukumar Shige da Fice. Yawancinmu ba mu yi ba, saboda harshe ɗaya, addini ɗaya, ba wanda ya taɓa tambaya. Sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce masa, to wa zai ji kansa baƙo?

Maigida ya je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ya yi katinsa, ya sabunta takardunsa na gida, sannan ya je Shige da Fice da ƙafarsa ya tambayi irin katin da ya dace da shi yanzu. Gara ya je da kansa da a tare shi a hanya. Lambar NIN kuma baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yi, amma ba ita ce shaidar zama ɗan ƙasa ba, kuma ya tabbata a wajen ƙasa an rubuta masa Nijar. Katin zaɓe kuwa ya nisance shi, ko 'yan siyasar unguwa sun matsa.

Yaran kuma suna da haƙƙi a can ta wajen ubansu. A gidan shari'a ake karɓar takardar shaidar ɗan ƙasa da muke kira nasiyonalite, kuma tun gyaran dokar 2014 Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ku yi musu tun kakanninsu na raye, akwai masu shaida.

Uwar Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na karanta wa yaron saƙonka da na Barista, ya karɓi wayar ya sake karantawa da kansa, ya kwafe lambobin sassan a bayan littafinsa.

Barista, na bi maganarka. Daren jiya maigida ya kira mahaifiyarsa a ƙauye, muka sa wayar a tsakiya. Ashe mahaifiyarta, wato kakarsa, daga wani ƙauye a ƙasar Jibiya aka kai ta aure can tana yarinya, kuma ta rayu har bayan an haife shi, ya ce yana tuna ta da tsagar fuskarta. Tsohuwar ta ce akwai 'ya'yan ƙanin kakar a garin har yanzu, ta faɗi sunan gidan. Takarda dai ko ɗaya babu, ba ta haihuwa ba, ba ta aure ba. Shin shaidar dangin da ta dagacin garin, in aka haɗa da rantsuwa a kotu, za ta iya tsayawa a wajen rajistar? Kuma rasuwarta ba ta rufe ƙofar ba?

Maganar yaron kuwa, yayana ya ce ranar Litinin zai jira mu a tasha da wasiƙar dagaci. An ba su zuwa ƙarshen wata su kai takardar makaranta.