Badujalarmu za ta iya kiɗan rawa na Jamus irin na shekarun 1920?

Ɗan Tudun Wada, Gombe:
Salamu alaikum manya. Akwai badujalar matasa a nan Gombe mai tiramfet biyu, tirambon ɗaya, saksafon alto da teno, susafon (babban ƙaho mai sautin bes), kibod da ganguna. Ana so su yi irin kiɗan mawaƙin Jamus Max Raabe da ƙungiyarsa Palast Orchester a wata liyafar dare bayan wata uku, amma duk gwajin da aka yi sai ya fito kamar fareti. Me ya rage a kayan? Kuma ina ake samun kiɗan a rubuce?

Baba Mai Tirambon:
Wa alaikumus salam ɗana. Kayanku sun kusa isa, matsalar a hannu da baki take. Raabe ya kafa ƙungiyar a Balin a 1986 da abokan karatunsa, kuma makaɗa goma sha biyu ne: huɗu a saksafon da kilarinet, tiramfet biyu, tirambon, bayolin, fiyano, banjo ko gita, bes ko susafon, sai mai ganga. Abin da ya fi gaggawa ku nemo shi ne alto na biyu, domin sai da saksafon uku sautin nan mai kauri da taushi yake haɗuwa. Bayolin kuwa, in babu, kilarinet ya ɗauki layinsa.

Abin da ke mai da shi fareti abu uku ne. Na farko mai susafon yana busa kowane bugu. A kowane bugu huɗu ya tsaya a na 1 da na 3 kawai, gajeru, ya bar iska a tsakani, mai gita, in kun samo shi, ya cike huɗun da bugu busasshe, yana sassauta yatsun hagu bayan kowane ɗaya. Na biyu mai ganga: ya ajiye sanduna ya ɗauki buroshi, ya cusa bargo a cikin babbar ganga, in ya bugi farantin tagulla ya kama shi da hannu nan take. Na uku masu ƙaho, waɗanda suka saba da fili. Sau da yawa da toshi mai rage ƙara a bakin ƙahon ake busa waƙar. In ba ku da na saye, robar da ake zuƙe bututun banɗaki da ita, sabuwa dai, a cire mata sanda, tana yin aikin, kuma ita makaɗan jaz ke amfani da ita tun da can. Sai dai toshi yana ɗan ɗaga sauti, a ja bututun gyara waje kaɗan.

Malama Mai Fiyano, Bauchi:
Baba ya gama da kiɗan, bari in taɓa rubutun. Masu farfaɗo da wannan salo hanya biyu suke bi: tsofaffin takardun da kamfanonin ɗab'i suka sayar wa ƙungiyoyin otal, ko kuma kwafowa da kunne daga faifan garmaho. A nan ta biyun ce a hannunmu. Ku nemi na ƙungiyoyin Marek Weber, Dajos Béla da Weintraubs Syncopators a YouTube, ku zaɓi na bayan 1926, lokacin da ɗaukar sauti da makirfo ta kankama a Jamus. Na kafin nan bes ɗin ba ya jiyuwa sosai, zato kawai za ku yi ta yi.

Ga inda ake faɗawa rami. Faifan ana cewa juyi 78 yake yi a minti, amma ba kowane kamfani ya tsaya daidai nan ba, wasu 80 suke yi. Bambancin da ke tsakanin 78 da 80 ya kusa rabin tazarar maɓalli ɗaya na kibod, shi ya sa za ka ji waƙar ta rataye tsakanin maɓallai biyu. Ka sa ta a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka gyara gudun har ta zauna a F, B-filat ko E-filat, inda masu busa suka fi sakewa. In ka ga ta faɗa a E ko B, yawanci gudun ne bai daidaita ba. Bayan nan ka rage sauri zuwa kashi 60 cikin 100 ba tare da taɓa sautin ba, ka fara da bes, sannan babban layi, muryoyin tsakiya a ƙarshe.

A MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, kar a manta tiramfet da kilarinet ana rubuta musu sama da mataki ɗaya (maɓalli biyu na kibod), alto kuma sama da tazara ta shida (maɓalli tara). Kuma kar ku ja waƙa. Fuskar faifai mai inci 10 minti uku take ɗauka, tsarin ya ginu a kan haka: gabatarwa gajeriya, makaɗa su yi amshi sau ɗaya, mawaƙi ya shigo a tsakiya, su rufe. Waƙa takwas a wata uku ta ishe ku.

Ɗan Tudun Wada, Gombe:
Na gode Malama. To mawaƙin fa? Babu mai jin Jamusanci a cikinsu.

Yayan Yara, Kaltungo:
Ƙanena, rashin Jamusanci ba ya hana komai, da yawan faifan nan ma busa ce zalla. In dole sai an rera, a sa wanda ya iya harshen ya fassara muku baitocin kafin ku haddace. Waƙoƙin gidajen kabare, wato gidajen waƙa da barkwanci na dare, cike suke da habaici da zambo, wasu har da batsa a lulluɓe, kuma ba kowace ce za ka rera gaban iyayen amarya ba. Mawaƙin ya tsaya cak, taku ɗaya daga makirfo, murya sama-sama ba ihu, mai lasifika ya kashe amsa-kuwwa gaba ɗaya. Ku saurari Comedian Harmonists, mawaƙa biyar da mai fiyano, waɗanda gwamnatin Nazi ta wargaza a 1935 saboda uku daga cikinsu Yahudawa ne. A wurinsu za ku ji yadda ake sassauta murya kalma ba ta ɓace ba.

Na ɗan saɓa da Baba kan bayolin. Kiɗan rawar tango da wals ba sa zama ba shi, gara a nemo ko mai koyo ne ya riƙe dogayen sautuka. Kibod kuma a bar shi a muryar fiyano, hannun hagu ya kauce wa susafon.

Sai yanayinmu. Da hunturu ɗan karan bakin saksafon yakan bushe ya lanƙwashe, a jiƙa shi minti biyu zuwa uku a ruwa, kowa ya riƙe guda uku yana juyawa. Kilarinet na katako yana iya tsagewa, na roba ya fi muku. Da bazara kuwa sautin ƙahonni yana hawa sama yayin da kibod ke nan inda yake, don haka a daidaita bayan an busa minti goma, a sake bayan waƙa ta uku. In za ku ɗora bidiyo a intanet, ku tuna haƙƙin mallaka shekara 70 ne bayan mutuwar mai waƙa: cikin masu tsara waƙoƙin zamanin, Kurt Weill ya rasu a 1950, amma Friedrich Hollaender sai 1976, nasa da saura.