Kabad ɗin da ke ƙarƙashin akwatin kifina yana gumi, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai kifi daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 200, a kan kabad na katako. A cikin kabad ɗin akwai ƙaramin tankin tace ruwa da injin da ke mayar da ruwan zuwa akwatin kifin. Tun shigowar Agusta, duk safiya in na buɗe sai in tarar da rufin ciki ya yi gumi, ɗigon ruwa a rataye reras. Kusurwar baya ta fara baƙin funfuna, ƙusoshi sun yi tsatsa, ga wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Lokacin hunturu ban ga haka ba ko kaɗan. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamin makaranta, unguwar Zariya:
Wa'alaikumus salam. Kafin ka kashe ko dala, ka fara rabe yoyo da raɓa. Goge ko'ina ya bushe, ka naɗa takarda mai laushi a kowane mahaɗin tiyo, ka shimfiɗa jarida a ƙasa, ka duba da safe. In wuri ɗaya ya jiƙe, yoyo ne. In rufi da bango ne suka yi gumi, mahaɗai kuma a bushe, tururin tankin ne. Ruwan yana da ɗumi, injin yana ƙara ɗumama shi, tururi ya tashi ya rasa hanyar fita, da asuba katako ya yi sanyi sai ya koma ruwa a jikinsa. Da hunturu iskar Maraɗi a bushe take ƙarau, tana shanye tururin ta 'yan kafofin ƙofa. A Agusta ita kanta iskar a ƙoshe take da laima, ba ta da wurin karɓar wani. Nawa ma haka ya yi, kuma ranar da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki abin ya fi muni.

Kafinta a Sabon Gari:
Alhaji, wane katako ne? In MDF ne, wanda aka matse garin katako da gam, to ka tashi tsaye. Shi in ya sha ruwa kumbura yake yi daga baki-baki, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu, abin da ke kansa ya haura kilo 250. An taɓa kawo mani wani na gyara, na danna farce a gindin ƙafarsa, farcen ya nutse. Daga waje kuwa fenti na ta sheƙi. Ka danna naka a gindin ƙafafu da inda allon ƙasa ya haɗu da bango. In da sauran ƙarfi, bari ya bushe sosai, a goge funfunar, a shafa fentin mai a ciki shafi biyu ko uku har da bakin allunan, a bi kusurwoyi da silikon, gam ɗin nan mai hana ruwa shiga. Ka kuma ɗaga shi daga siminti. Danshin katako gayyatar gara ne, ita kuma ba ta sallama.

Maman 'yan biyu, Bagalam:
Ni an ce in sa gawayi a kwano, na sa. An ce 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi, na tara su. Ba abin da suka yi, tunda ruwa na nan buɗe yana ta tashi dare da rana. Abin da ya yi mani aiki shi ne cire allon baya gaba ɗaya, da janye kabad ɗin daga bango kamar taƙi guda. Ranar da aka cire allon, kyankyasan da suka fito sai wanda ya gani. Yanzu ragar sauro ce a wurin, saboda yara da mage.

Mai gyaran kwamfuta:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ba kowane kabad ake cire wa baya ba, wani allon bayan ne ke hana shi karkacewa. Ni huda nawa na yi. Rami ɗaya a sama ta baya, na sa fankar kwamfuta mai santimita 12, volt 12, tana fitar da iska waje. Ƙananan ramuka kuma a ƙasa ta ɗaya gefen, inda sabuwar iska ke shiga. Kada a juya ta tana hura ciki, kuma kada a yi ramin fita ba na shiga, fanka za ta yi ta kuka ne a banza. Ba ta cin wuta, a batirin sola na haɗa ta.

Malamin makaranta, unguwar Zariya:
A ƙara da rufe tankin da gilashi ko roba, a bar kafar tiyo kawai. Tururin sai ya taru a murfin ya ɗiga ya koma inda ya fito.

Tsoho mai kiwon tarwaɗa, hanyar Madarunfa:
Malam, a nan kam ban bi ka ba, sai da sharaɗi. Murfi na damina ne. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, tashin tururin nan shi ke sanyaya ruwa. Yawancin kifin ado tsakanin digiri 24 da 28 suke so. Ka rufe tanki a bazara, ka dafa su. Ni da zafi buɗewa nake, har fanka nake sa wa a kan ruwan, in yi ta ciko. Sai dai a sani, ruwa kaɗai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan, shi ne farin tabon da ke fitowa a bakin gilashi. Ciko ba ya maye gurbin canza ruwa.

Mai aikin lantarki, Ɗan Gulbi:
Duk kun yi maganar katako, ba wanda ya tambayi inda soket yake. Na sha tarar da shi a kwance a ƙasan kabad, gefen tanki, da wuta volt 220. Fitar da shi waje, a kafe shi a sama, kowace waya kuma ta fara sauka ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigo ya faɗi a lanƙwasar. Sannan ka gwada kashe injin kana tsaye. In wuta ta ɗauke, ruwan akwatin kifin yana zuƙowa baya ta tiyo ya cika tankin ƙasa, wani lokaci ya tumbatsa, wuta ta dawo ya koma sama, kai kuma da safe ka ga jiƙa ka ce raɓa ce. Ƙaramin huji a tiyon da ke kai ruwa sama, dab da ƙarƙashin fuskar ruwa, yana yanke zuƙowar.

Mai kifi daga Ali Ɗan Sofo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takardun mahaɗai a bushe suke, kuma da na kashe injin ruwan ya tsaya saura yatsa biyu ya zuba. Soket ya koma bango. Amma maigida kafinta, farce ya nutse a ƙafar baya ta hagu. A canza ƙafar kawai, ko a yi sabo?

Kafinta a Sabon Gari:
Rage ruwan zuwa rabi yau ɗin nan, Alhaji. Ka je wurin mai walda ya yi maka ƙafafu na ƙarfe, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin na mai. Katakon sai ya zama rufi da ƙofa kawai, ba shi ke ɗauke da nauyi ba. Kuma kada a ja kabad ɗin da ruwa a kansa, a kwashe kifin cikin bokiti tukuna.