Zoben agogon da na gada ya lotsa, in canza shi a gida ko in kai wa masu gyara?

Ɗan Tudun Jukun: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar wanda ya taɓa yi nake nema. Akwai agogon Rolex Submariner, samfurin 16610, da na gada daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. A Jidda ya saye shi shekarar da ya sauke farali. Ranar Juma'a ƙyauren get ya buge shi, baƙin faifan lambobin da ke kan zoben da ya kewaye gilashin ya lotsa, ɗigon nan mai haske da dare ya fita. Inji lafiya lau, gilashi bai fashe ba. Na yi odar wani faifan, har ya iso. Na ga ana liƙa salatif a ƙafafun agogon, wato inda ake maƙala madauri, a zura siririyar wuƙa ƙarƙashin zoben a ɗago shi. In yi da kaina ko in kai Kano? Wallahi raina ba ya son agogon nan ya kwana a hannun wani.

Baban Ummi: Allah ya jiƙan Baba. Kada ka taɓa, faifan tangaran ne, yana jin matsi zai tarwatse kamar kofin shayi.

Injiniya Samaru: Baban Ummi, 16610 ya ce. Faifansa alminiyam ne, shi ya sa ya lotsa bai fashe ba. Submariner na ƙarfe mai tangaran sai 2010 ya fito. Malam, na yi wa Seiko ɗina sau biyu. Abin tsoron ba wuƙar ba ce. Akwai wani ɗan ƙaramin sifirin a ƙarƙashin zoben, shi ke sa ƙas-ƙas ɗin nan 120 in ana juya zoben, da hana shi komawa baya. Yana tsalle ya ɓace. Ka shimfiɗa farin zani, ka kashe fanka, ka rufe taga saboda ƙurar hunturu. In ka mayar da zoben sai ka daidaita alamar da ke kan faifan da ƙarfe 12 kafin ka danna faifan.

Alhaji na Kwangila: Seiko daban, Rolex daban, ɗana. Ni dai ku ji abin da ya same ni. Omega Seamaster ɗina na kai wa wani mai gyara a kasuwa, mutumin da muka yi shekara da shekaru muna gaisawa. Zoben ne kawai ya cije. A gabana ya sa sukundireba ya banƙare shi, ya kwarzane ƙafar agogon, ya ce ba komai, in dawo jibi. Na dawo na tarar zoben ba ya motsi ko kaɗan. Ashe sifirin ya ɓatar, sai ya shafa gam ya manne. Bai tsaya nan ba, ya buɗe bayan agogon ba tare da na sa shi ba, ya mayar da robar hana ruwa a karkace. Sati biyu ina alwala da shi, na wayi gari gumi ya rufe gilashin ta ciki. Kafin in kai shi Legas tsatsa ta ci injin. Da na koma masa cewa ya yi haka na kawo shi. Har yau in na bi ta layin nan sai zuciyata ta yi zafi.

Hajiya Gyallesu: Innalillahi. Alhaji, nawa aka caje ka a Legas?

Alhaji na Kwangila: Hajiya, kuɗin ya isa sayen babur. Ba na son tunawa.

Ɗan PZ: Faifan nan fa dubu 15 na saya wa yayana, har da kuɗin ɗorawa.

Injiniya Samaru: Jabu ne wannan. Ni wanda aka yi min tayi na asali, tsoho ma, sama da dala 200 aka ce.

Baban Ummi: Ni dubu 60 na ji a Abuja.

Malamin Kongo: Mai tambaya, naka da ka yi oda na asali ne? Kamfanin Rolex ba ya sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayan gyara kai tsaye, don haka yawancin na intanet kwaikwayo ne. Kuma duk abin da za ka yi, ka adana tsohon faifan. Masu tara tsofaffin agogo sun fi daraja na asali ko da ya koɗe.

Ɗan PZ: Ni da Casio ɗina ko tirela ta taka shi sai dai tirelar ta je gareji.

Alhaji na Kwangila: Ana maganar gadon uba kana wasa. Kuma shi Injiniya da ke koyar da sa wuƙa, ya taɓa riƙe Rolex a hannunsa?

Injiniya Samaru: Ranka ya daɗe, ban taɓa ba, kuma ban ɓoye ba. Amma labarinka ai na wanda ya kai wa mai gyara ne, ba na wanda ya yi a gida ba.

Ɗan Tudun Jukun: Malam, dala 35 na saye shi, to ka ga amsar kenan. Yanzu na ƙara rikicewa. In na ɗora shi a hankali na ajiye tsohon, akwai illa?

Hajiya Gyallesu: Ni abin da ke ci min rai musanyar kaya ce. Na kai waya a canza min gilashi, na dawo batirin da ke kwana biyu ba ya kai la'asar. An cire nawa an sa tsoho.

Baban Ummi: Hajiya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Janareto na kai, aka zare min kwayil ɗin jan ƙarfe aka sa na alminiyam. Wata uku ya ƙone. Yanzu kujera nake ɗauka in zauna a gaban mai gyara har ya gama.

Ɗan PZ: Waya kam sai ka sa alama a batirin da jan farce kafin ka miƙa. Hajiya, a wane layi aka yi miki?